Tatsuniyoyin da Suka Je Belfast Suka Bar Masu Su a Gida

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Gwamna Lugga suka shiga Kano, wata guda bayan nan suka ci Sakkwato. Shekara takwas kacal da wannan, wata maɗaba'a a birnin Belfast ta fitar da littafi mai kauri da Hausa zalla, sunansa Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa. Juzu'i uku ne, na farko ya fito a 1911, na ƙarshe a 1913. Sunan da ke bangonsa Frank Edgar, wani jami'in mulki da ya yi aiki a lardin Sakkwato. A lokacin nan ne Turai da Amurka suke ji da gwanayensu na gajeren labari, irin su Chekhov na Rasha da ya rasu a 1904 da O. Henry da ya rasu a 1910, ana buga su a jaridu, ana biyansu, kowa ya san sunansu. Mu ma muna da namu gwanayen a wannan zamani, kuma na yi imani ba su gaza ba wajen iya ƙulla labari. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancinsu sun tafi ba a rubuta sunayensu ba.

Ni mutumin Mainika ne, a ƙasar Gwarzo, kuma a nan na fara jin tatsuniya daga bakin kakata ta wajen uba, wadda ita ma ta ɗauko daga tata kakar da ta ga zuwan Turawa. Lokacin tatsuniya sananne ne: bayan an ci tuwon dare, musamman da kaka, in dawa ta shiga rumbu, jiki ya huta da noma. Mata su baje tabarma a tsakar gida, wata na gurzar auduga, wata na kaɗi, tana dangwalar alli da yatsa tana murza mazari a cikin tasku. Mu yara a zuba mana gyaɗa mu yi ta ɓara, hannu na aiki kunne na saurare. Kakata ba ta fara tatsuniya sai an roƙe ta. In na ce, "Iya, a yi mana ta Gizo," sai ta ce, "Kai maigidan nan, ba ka kawo cefane ba kana neman hira?" Sai an yi ta lallashi, sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nan ku," mu amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Da rana kuwa ko ka yi kuka ba za a yi maka ba, sai a ce wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Gizo da tsuntsayen da suka san wani ɓaure a tsakiyar ruwa. Ana yunwa, Gizo ya yi ta zuwa gidansu da sunan ɗibar wuta har suka yarda za su kai shi. Kowane tsuntsu ya ciri gashinsa ya ara masa. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya miƙa baki zai tsinka sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Suka yi shiru har ya cika burgamensa barci ya kwashe shi, suka zare gashinsu suka tashi suka bar shi a kan bishiya, ruwa ta ko'ina. A takarda labarin bai fi shafi biyu ba. A bakin kakata yakan kai rabin dare, domin in ta zo maganar Gizo sai ta karya harshe ta yi tsamin bakinsa, in ta zo kan tsuntsaye ta rage murya, in aka zo waƙa kowa ya amsa, har matan da ke kaɗi su dakata da mazari. In ta ga wani yaro ya cika haɗama wajen cin abinci a ranar, sai ta tsaya daidai wurin ɓauren ta dube shi, ba ta ce komai ba. Tsarin labarin ma abin dubawa ne. Babu kalmar da aka ɓata, an shuka haɗamar tun daga ɗibar wuta, hukuncin kuma ya fito daga cikin halin mai laifin.

Irin wannan ne Turawa suka tarar, suka kuma ga amfaninsa. Tun kafin su ci ƙasar wani mai wa'azin Kirista Bajamushe, J. F. Schön, ya buga Magana Hausa a 1885, kuma mafi daɗin abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya fito, wani yaro daga ƙasar Damagaram da aka taɓa kamawa bawa, ya bi matafiyi Barth har Ingila a 1855. Dorugu ya dawo gida daga baya, ya rasu a Nasarawa ta Kano a 1912. Shi dai an san sunansa, har da tarihin rayuwarsa da ya bayar da bakinsa.

Na Edgar daban ne. Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, shi ya fara sa malamai su rubuto masa labarai da ajami, ya miƙa wa Edgar tarin takardun, Edgar ya ƙara nasa ya mayar da su boko. Dalilin aikin ba ɓoyayye ba ne: ana buƙatar jami'an mulki su ci jarrabawar Hausa, su iya jin ƙara su karɓi haraji ba tare da tafinta ya juya su ba. Saboda haka aka zuba komai a ciki, tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kura da dila, labarun sarakuna da yaƙe-yaƙe, barkwancin Fulani da Gwarawa da Maguzawa, karin magana, kacici-kacici, wasiƙu, hukuncin alƙalai. A shekarar 1913 ɗin nan kuma wasu littattafai biyu suka fito. R. S. Rattray, da ke aiki a Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya sa wani Malam Shaihu ya rubuta masa labarai da ajami, aka buga su a Oxford da hoton rubutun malamin kansa. Manjo Tremearne shi kuma ya fitar da tatsuniyoyi 100 da Turanci, waɗanda ya ji daga bakin mutane a wuraren da ya yi aiki.

A dubi hanyar da tatsuniya ta bi kafin ta kai Belfast. Tsohuwa ce ta yi ta a tsakar gida, inda baƙo namiji ba ya shiga, balle Bature. Yaron da ya ji ta ya girma ya zama malami. Bature ya kira malamin ya ce ya rubuto, malamin ya zauna da alƙalami da tawada yana tuna abin da ya ji tun yana ƙarami, abin da a matsayinsa na mai ilimi yake kallo a matsayin hululu da ƙaryar mata da yara. Dole ya gajarta. Waƙar da ake amsawa ta koma layi biyu marasa murya, tsamin bakin Gizo ya ragu, tsayawar nan da kallon yaro mai haɗama babu inda za su shiga. Sannan Bature ya juya da haruffan da ba su da ƙugiya, domin ɓ da ɗ da ƙ ba su zauna a boko ba sai a shekarun 1930. Abin da ya rage shi ne ƙashin labarin, naman ya tsaya a gida.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a watsar da waɗannan littattafai don Turawan mulki ne suka tara su. Wanda ya buɗe Edgar zai ji Hausar mutanen da aka haifa kafin a ga jirgin ƙasa a Kano a 1911, Hausa mai gajerun jimloli, cike da Sakkwatanci, ba ta san Turanci ba balle ta kwaikwaye shi. Zai ga duniyar da ake ƙirga dukiya da wuri, ake sayar da mutum a kasuwa, ake rufe ƙofar gari da magariba. Mu mutanen yammacin Kano mun san wannan duniyar ta wata fuska, don Gwarzo na cikin garuruwan ganuwa da suka tsare masarautar daga harin Maraɗawa a ƙarni na 19. Dodon da ke haɗiye 'yan mata a bakin rafi ba abin dariya ba ne ga uwar da ta san ana sace yara a gona. Sai dai muryar irin wannan uwa ba ta hau takarda ba sai da aka kai 1949, lokacin da Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa, kudu da mu, ta rubuta rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Mace ɗaya ke nan, bayan kusan shekara 40.

Daga wannan tushe ne rubutaccen ƙagaggen labari ya tsiro. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasa, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da East, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Wannan na ƙarshe ɗanmu ne, sunan garinmu na kan bangon ɗaya daga littattafai biyar na farko, amma ka tambayi ɗaliban sakandare a Gwarzo ko Kabo ka ji nawa ne suka taɓa riƙe shi. Imam ya biyo da Magana Jari Ce juzu'i uku daga 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa, kuma kunnen da ya iya yin haka a tsakar gida aka horar da shi. Neil Skinner ya fassara Edgar zuwa Turanci, juzu'in farko ya fito a 1969, wato ɗalibi a Amurka ya fi ɗan Mainika sauƙin karanta abin da kakanninmu suka faɗa. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, Allah ya ji ƙansa, ya yi babban ƙoƙari da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda da yawanmu muka karanta a firamare.

Yau a Mainika an daina kaɗi a yawancin gidaje, dare ya koma na waya da fim. Amma tsofaffin ba su ƙare ba. Akwai su a Mainika, a Getso, a Lakwaya, a Kutama, a Garo da Gude, matan da in aka lallashe su za su yi ta Daskin-da-riɗi ko ta 'yar bora da 'yar mowa da waƙoƙinsu cif. Wayar da ke aljihun kowane saurayi tana iya ɗaukar abin da alƙalamin malaman Burdon ya kasa ɗauka, wato murya da amshi da dariya. Roƙona ga malaman Hausa na makarantunmu da sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero shi ne su tura ɗalibai gidajensu su naɗo, a kuma sake fito da littafin Edgar cikin rubutun yau da farashin da talaka zai iya. Kai kuma mai karatu, in kana da kaka a raye, ka je mata da goro a daren nan ka ce ta yi maka tatsuniya. Kafin ta fara, ka nemi izininta ka sa ta faɗi sunanta da garinsu da wadda ta koya mata.