Daga Gidan Tarihin Yamai Zuwa Fadar Kona

A shekarar 1959 aka buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa a Yamai, wanda daga baya aka raɗa wa sunan Boubou Hama. Mai ziyara yakan ga ƙasusuwan dabbobin zamanin da daga ƙasar Agadas, da itaciyar Tenere wadda mota ta kayar a 1973, da aikin maƙera da dukawa.

Amma tarihin ƙasar Tasawa a warwatse yake: a tamburan fada, a bakin maroƙa, da Maijirgi, inda Kyaftin Voulet na Faransa ya mutu a hannun sojojinsa a Yulin 1899. Dattawa suna ƙarewa, gara tana cin sirdi. Wajibi ne wannan biki ya zama mafarin tattarawa, kafin a nema a rasa. Allah ya ja zamanin Sarki.