Street Fighter II a Gida: Da Me Ya Kamata a Auna Kwafi?

Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter II a 1991 a kan injin gidajen gem mai suna CPS-1, wanda ake jefa wa sulalla kafin a yi wasa. Tun da aka fara sauko da shi zuwa na'urorin gida ake gardamar wane kwafi ne ya fi kusa da na asali. Masu kwatantawa sun saba jera hotunan allo su yanke hukunci. A ganina wannan ma'auni gurgu ne, domin wasan faɗa a yatsu yake zaune.

Ta fuskar ido da kunne, Super Nintendo na 1992 ya yi abin yabo. Allon CPS-1 na da ɗigo 384 a kwance, na Super Nintendo 256, don haka aka rage girman 'yan wasa, aka zubar da wasu motsi domin komai ya shiga kaset mai megabit 16. Duk da haka launuka sun fito, kiɗan Yoko Shimomura bai lalace ba, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 6. Na Mega Drive, wato Special Champion Edition na 1993, kaset ɗinsa megabit 24 ne, amma launinsa bai kai ba, muryoyin kuma a shaƙe suke: ihun ɗan wasa Ryu kamar daga tsohuwar rediyo.

To amma injin asali maɓallai shida gare shi, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Dukkan dabarar wasan a kan wannan jeri aka gina ta, musamman katse bugu ana tsakiyarsa a ɗora masa bugu na musamman irin Hadoken kafin abokin karawa ya farfaɗo. Mariƙin Super Nintendo maɓallai huɗu ne a fuska, biyu a kafaɗa, sai aka kai bugu biyu ƙarƙashin manuniya, wadda ba ta da saurin babban yatsa. Mariƙin Mega Drive na farko kuwa uku ne kacal, dole ka danna Start ka sauya tsakanin naushi da shuri ana tsaka da faɗa, abin da ke kashe wasan gaba ɗaya. Da Sega, mai Mega Drive, ta fito da mariƙi mai maɓallai shida a 1993, jere uku-uku yadda Capcom ta tsara, sai kwafin mai shaƙaƙƙiyar murya ya zama wanda hannu ya fi ganewa. PC Engine ma ya samu irin wannan mariƙi tare da nasa kwafin a Japan a shekarar.

Kwafin da kamfanin U.S. Gold ya fitar wa kwamfutocin gida a Turai ya ƙara tabbatar da batun. Na Amiga ba shi da muni a hoton mujalla, amma akasarin masu shi sandar wasa mai maɓalli ɗaya suke riƙe da ita, kuma bugu shida ba sa shiga maɓalli ɗaya sai an sake wasan ya koma wani abu dabam.