Jirgin Nutso U-107 da Hanyar Cinikin Ƙasar Sakkwato, 1940 zuwa 1944

Gabatarwa

Idan ana zancen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, akasarin manazarta kan tsaya ne a kan sojojinmu da aka kai Habasha da Bama. Manufar wannan takarda ita ce mu duba wani fage da ba a cika kula da shi ba, wato teku. Za mu bi tarihin jirgi ɗaya na Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, don mu nuna cewa ɓarnarsa ta shafi hanyar cinikin da talakan Horo Birni da na ƙauyukan Boɗinga da Shagari suka dogara a kanta.

Hanyar Ciniki

A wancan zamani, fatu da ƙiraga da auduga da gyaɗa na lardin Sakkwato sukan bi ta Gusau, inda jirgin ƙasa ya iso, daga nan sai Ikko, sai Ingila. Ta wannan hanya kuma akoko da alawayyo da gishirin kanti ke shigowa. Kamfanonin da ke da jiragen wannan fatauci sun haɗa da Elder Dempster, da John Holt, da U.A.C. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940, hanyar Bahar Rum ta toshe, sai jiragen Gabas ma suka koma zagayowa ta gaɓar Afirka. Ta haka Firitawun ta ƙasar Saliyo ta zama zango, inda jirage ke haɗuwa su tashi a ayari, kamar dai yadda fatake kan yi don tsoron mahara.

Aikin U-107

An ƙera U-107 a birnin Biremen, ya fara aiki ranar 8 ga Oktoba 1940 a hannun Günter Hessler, surukin Dönitz, babban hafsan jiragen nutso na Jamus. Faɗuwar Faransa ta ba su tashar Loriyan, wadda ta rage musu nisan tafiya ƙwarai. Daga can ya tashi ranar 29 ga Maris 1941, bai komo ba sai 2 ga Yuli. Abin da ya ba shi damar daɗewa shi ne mai da guzuri da jiragen dako ke ba shi a tsakiyar teku. A wannan fita kaɗai ya nutsar da jirage 14, masu girman tan fiye da 86,000, kuma babu wani jirgin nutso na Jamus da ya kai haka a fita ɗaya har yaƙin ya ƙare. Dalili kuwa shi ne yawancin jiragen suna tafe ne su kaɗai, ba rakiya. Cikinsu akwai biyu na Elder Dempster: Alfred Jones ranar 1 ga Yuni, da Adda ranar 8 ga Yuni.

Shiga ayari ma bai hana ɓarnar ba. Ranar 24 ga Satumba 1941 ya faɗa wa ayari mai lamba SL 87, wanda ya taso daga Firitawun, ya nutsar da jirage uku: Dixcove na Elder Dempster, da Lafian na U.A.C., da wanda ke ɗauke da sunan kamfaninsa, John Holt. Wato a dare ɗaya kowane daga cikin kamfanonin nan uku ya yi hasara.

Bayan Hessler, Harald Gelhaus ya karɓi jirgin, ya kai shi har gaɓar Amurka a 1942. Amma daga 1943 reshe ya juye da mujiya, domin Turawan Ingila sun ƙara jiragen rakiya da jiragen sama, suna kuma karanta saƙonnin asiri na Jamus. Ranar 18 ga Agusta 1944 wani jirgin sama na Ingila ya nutsar da U-107 a yammacin Faransa, dukan mutum 58 da ke ciki suka halaka.

Kammalawa

Ba mu ce jirgi ɗaya ne ya jawo tsadar tufa da ƙarancin gishiri na shekarun yaƙi ba. Masana'antun Ingila sun karkata ga kayan yaƙi, Nijar kuma tana hannun gwamnatin Bishi har zuwa Nuwamba 1942, abin da ya takura cinikin kan iyaka. Sai dai duk jirgin da ya nutse, guraben kaya sun ragu, kuma gwamnati kan fifita makamai a kan kayan kanti. Saboda haka muna kira ga masu nazarin tarihin ƙasar Sakkwato da su haɗa labaran baka na ƙauyuka da rahotannin En'e da bayanan jiragen ruwa. Sai da haka za a fahimci yadda mulkin mallaka ya ɗaure kasuwar ƙauye da teku.