Alaƙar Bakteriyar Hanji da Cutar Parkinson

Hanjin ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya da wani ƙiyasi na shekarar 2016 ya ce sun kai kimanin tiriliyan 38, akasarinsu a babban hanji. An daɗe da sanin rawar da suke takawa wajen narkar da abinci, amma tasirinsu ga ƙwaƙwalwa bai daɗe da jan hankalin masana ba. Saƙo na kai-komo tsakanin sassan biyu ta jini, ta garkuwar jiki, da kuma ta wata doguwar jijiya mai suna vagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta gangaro har ciki.

Cutar Parkinson, mai haddasa karkarwa da sandarewar gaɓoɓi, na cikin cututtukan da wannan alaƙa ta fi fitowa fili a kansu. Da yawa daga masu ita kan yi fama da taurin bayan gida shekaru goma ko fiye kafin hannu ya soma rawa.

A shekarar 2003, wani masani ɗan ƙasar Jamus, Heiko Braak, ya gabatar da hasashen cewa cutar na iya farowa daga hanji. A ganinsa, furotin ɗin alfa-sinuklin, wanda ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar, yana fara lalacewa ne a jijiyoyin hanji, sannan ya bi vagus ya haura. Wani nazari da aka gudanar a Denmark, aka kuma wallafa a 2015, ya ƙarfafa hasashen: mutanen da aka datse wa jijiyar gaba ɗaya a tiyata, kamar yadda ake yi wa masu gyambon ciki a da, ba su kamu da cutar kamar sauran jama'a ba.

A 2016, masu bincike a jami'ar Caltech ta Amurka sun dasa bakteriyar hanjin masu Parkinson a cikin ɓerayen da aka raina ba tare da bakteriya ba, kuma aka shirya jikinsu ya riƙa samar da wannan furotin fiye da ƙima. Motsinsu ya fi taɓarɓarewa a kan na waɗanda aka dasa wa ta masu lafiya. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma sakamakon bai zama hujjar sayen kayan gyaran hanji da ake tallatawa a intanet da sunan magani ba.

Abin da ya fi shafar majinyata kai-tsaye shi ne magani. Masana a jami'ar Harvard sun nuna a 2019 cewa bakteriyar Enterococcus faecalis na sarrafa levodopa, babban maganin cutar, tun yana hanji, ta mayar da shi sinadarin dopamine. Shi kuwa dopamine ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka wani kaso na maganin kan salwanta kafin ya isa inda ake buƙatarsa.