Ƙaramin Inji Mai Turbo: Gardamar Amurka Da Za Ta Iso Garejin Babura

A watan Disamba na 2023 kamfanin Dodge na Amurka ya daina ƙera Challenger da Charger masu injin Hemi mai fulogi takwas. A watan ne kuma Chevrolet ya ƙera Camaro ta ƙarshe. Da sabuwar Charger ta fito, sai ta zo da lantarki, sannan da inji mai fulogi shida mai lita 3 da turbo biyu. Tun daga lokacin masu sha'awar waɗannan motoci, waɗanda aka sani da girman inji da rugugi, suke ta ja-in-ja: ko ƙaramin inji zai iya gadon babba?

Mai karatu a Babura ko Kazaure na iya ɗaukar wannan a matsayin gardamar masu hannu da shuni. Sai dai motar da ake ƙerawa a Amurka da Turai yau ita ce tokumbon da za a saya a Kano bayan shekara takwas ko goma, ta bi hanyar Kunya da Kanya ta shigo Babura. Sauyin bai tsaya kan motocin ƙawa ba. Ya riga ya kama irin motocin da malamin makaranta da ɗan kasuwa ke hawa.

Mece ce turbo, kuma yaya take aiki?

Ƙarfin inji yana fitowa ne daga ƙona fetur da iska a cikin silinda. Gwargwadon iskar da ta shiga, gwargwadon man da za a iya ƙonawa. Tsohuwar dabara ita ce a ƙara girman injin. Turbo kuwa farfela biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyun kuma tana matsa iska tana cusa ta cikin injin. Sandar takan juya fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙin da kan haura digiri 800, kuma baƙin man injin ne ke shafe ta yana rage mata zafi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi mata rajista a 1905, ta kuma shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962. Makanikan manyan motoci a Arewa sun daɗe da saninta a jikin tireloli masu amfani da gas. Sabon abu shi ne mamayar da ta yi wa motocin fetur.

Me ya sa kamfanoni suka rage girman inji?

Doka ce ta tura su. Bayan tsadar mai ta 1973, Amurka ta kafa dokar tsimin mai a 1975. Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade hayaƙin kabon na sabbin motoci a kan giram 130 a kowace kilomita zuwa 2015, sannan giram 95 zuwa 2021. Ƙaramin inji yana shan mai kaɗan idan ana tafiya a hankali, turbo kuma tana ba shi ƙarfi idan aka taka totur.

A 2015 Ford ya sa wa Mustang inji mai fulogi huɗu, lita 2.3, mai ƙarfin doki 310, wanda ya zarce 300 na Mustang GT mai fulogi takwas ta 2005. Honda Accord ta 2018 ta bar fulogi shida, ta koma lita 1.5 da lita 2, duka da turbo. Land Cruiser, motar ayarin gwamnoni, ta bar fulogi takwas a 2021. Highlander ta 2023 ta koma fulogi huɗu mai turbo.

Mene ne hujjar kowane ɓangare?

Magoya bayan turbo suna cewa injin ya fi sauƙin nauyi, yana ba da ƙarfin ja tun daga ƙasa, yana kuma rage kuɗin mai. Masu adawa suna cewa ƙaramin inji da ake matsa wa lamba ba zai kai tsawon ran babba ba, kayan da za su iya lalacewa sun ƙaru, kuma rugugin da ake sayen motar dominsa ya tafi.

Kowa yana da abin kafa hujja. A 2013 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada motoci masu ƙananan turbo, ta tarar da yawa ba su kai tsimin man da aka yi tallarsu da shi ba. A 2024 Toyota ya kira kimanin motoci 102,000 samfurin Tundra da Lexus LX 600 saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin injinsu tun a masana'anta. A 2025 kuma Ram ya sanar da dawo da Hemi cikin a-kori-kurarsa bayan ƙorafin masu saye. Duk da haka akwai injunan turbo masu yawa da suka yi tafiyar dubban ɗaruruwan kilomita lafiya, a inda mai yake da kyau kuma ake juye a kan lokaci. Wannan sharaɗin shi ne ya fi shafar Jigawa.

Ta yaya lamarin ya shafi Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa?

Kusan duk motar da ke yankin ta hannu ce. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Shekaru da dama motocin Kwatano suna ratsowa ta Nijar su shigo Arewa, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017.

Motocin da yankin ya saba da su, Golf da Sharan da Fijo 406 na haya, da Corolla da Camry ta 2007 zuwa 2011 wadda dillalai ke kira Muscle, yawancin masu fetur a cikinsu ba su da turbo. Suna jure wahala, makaniki ya san cikinsu, kayansu kuma na nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma suna tsufa, waɗanda za su gaje su kuwa irin su Civic ta 2016 da CR-V ta 2017 ne, waɗanda da yawansu ke ɗauke da lita 1.5 mai turbo.

Ga kuma tsadar mai. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin kwanaki ya haura 500, a Oktoban 2024 kuma ya tsallake 1,000 a garuruwa da dama. Don haka kalmar tsimin mai ta zama abin da dillali ke jan mai saye da ita.

A ina haɗarin yake?

Na farko, ingancin fetur. Injin turbo, musamman mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, ba ya jure gurɓataccen mai. A Fabrairun 2022 an shigo Nijeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. A ƙauyukan da galan ɗin ɗan bumburutu ne gidan mai, babu mai tabbatar da abin da ke ciki.

Na biyu, baƙin mai. Waɗannan injuna suna buƙatar mai sirara irin 0W-20 ko 5W-30, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Mai kauri na 20W-50 da aka saba zuba wa kowace mota, ko jabu, ko jinkirin juye, su ne ke fara kashe turbo.

Na uku, zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, hunturu kuma na zuwa da ƙura. Matatar iska da ta yage takan bar yashi ya ci farfelar. Motar haya da aka danƙara wa fasinja da buhunan riɗi tana tafiya ne turbo na aiki ba hutu, a nan kuma tsimin man yake ɓacewa.

Na huɗu, hannun mai gyara. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye tana rikita kwamfutar injin. Gano ciwon sabuwar mota sai da na'urar bincike, ba da kunne kaɗai ba.

Akwai kuma batun iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023 don rage raɗaɗin cire tallafi. Mayar da tsohon inji zuwa gas ya fi sauƙi da araha a kan mayar da inji mai fesa mai kai tsaye.

Wa ke da alhakin me?

Hukumar NMDPRA ce ke sa ido kan ingancin fetur, SON kan ingancin kaya irin su baƙin mai, Kwastam kan motocin da ke shigowa, NADDC kuma kan tsarin masana'antar mota da horar da makanikai. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince kada sinadarin salfa a mai ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Ɗan ƙasa na da damar tambayar sau nawa ake gwada man gidajen man garinsu, da kuma inda ake buga sakamakon.

Yankin yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Gajeren kwas na amfani da na'urar bincike ga makanikan gareji abu ne da matasa za su iya nema daga waɗannan makarantu da wakilansu a majalisa.

Shi kuwa mai shirin saye, ya tambayi girman injin da ko yana da turbo, ya sa a jona na'ura kafin ya biya, ya lura da hayaƙi mai shuɗi ko ƙara mai kama da fito, ya kuma ji farashin turbo a Ƙofar Ruwa kafin ya ji farashin motar. Idan tafiyarsa ta gari ce kuma zai iya juye a kan lokaci da mai na gaskiya, ƙaramin injin zai rage masa kuɗin fetur. Idan lodi zai riƙa ɗauka tsakanin kasuwannin ƙauye, inji marar turbo ya fi masa kwanciyar hankali.