Ɗakin Ɓeraye: Inda Aka Gina Sana'ar Kiwon Macizai

Idan masu kiwon macizai na Amurka da Turai suka zauna ba da tarihin sana'arsu, sunayen mutane da launukan fata ne ke cika zancen. Za a ambaci Dakta Bernard Bechtel, likitan fatar da ya ƙyanƙyashe zabiyoyin macijin masara na farko a 1961, a kuma ambaci Bob Clark wanda ya fitar da zabiyar mesar Bama a 1986, ya sake fitar da ta ƙaramar mesar Afirka mai dunƙulewa a 1992. Da wuya a ji wani ya ɗaga maganar ɓera. Amma duk wanda ya san harkar daga ciki ya san cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan nasarori da zai yiwu ba don an riga an warware matsalar abinci ba. Maciji ba ya cin dusa, ba ya cin tsaki. Dabba yake haɗiyewa ɗungurungum, da gashinta da ƙashinta da hanjinta. Saboda haka abin da ɓera ya ci, da inda ya kwana, da cutar da ya ɗauka, duk cikin maciji suke ƙarewa. Ra'ayina shi ne sana'ar ta tsaya da ƙafafunta ne ranar da ta fara ɗaukar ɓera a matsayin dabbar kiwo mai buƙatar kulawa, kuma babban rauninta a yau shi ne yawancin masu macizai ba sa ganin wannan kiwon da idonsu.

Gidan zu na Landan ne ya fara buɗe ɗakin dabbobi masu jan ciki ga jama'a, a 1849. A wancan zamani an yi imani cewa maciji ba zai taɓa abin da ba ya motsi ba, don haka ake jefa masa zomaye da tantabaru da ɓeraye da ransu, wani lokaci a gaban 'yan kallo. Surutu ya yi yawa a jaridun Ingila, ana zargin gidan zu da zalunci. Peter Chalmers Mitchell, wanda ya zama sakataren ƙungiyar da ke riƙe da gidan a 1903, shi da Reginald Pocock suka gwada lamarin, suka buga sakamakonsu a 1907: macizai na karɓar matacciyar dabba idan an miƙa musu ita yadda ya kamata. Ashe amsar gardamar da ake ci gaba da yi har yau ta haura shekara ɗari da samuwa. Abin da ba a samu ba a lokacin shi ne inda za a riƙa samo lafiyayyun ɓeraye a kai a kai, da wurin ajiye su. Ɓeran da aka kama a sito ko a kwata yana zuwa da tsutsar ciki da ƙuma, daga baya kuma, da maganin ɓera irin su warfarin ya bazu a shekarun 1950, yana iya zuwa da guba a jininsa. Macizai sukan mutu, a aika daji a kamo wasu, tunda kamowar ta fi kiwon arha.

Mafitar ta ɓullo ne daga wurin da babu ruwansa da maciji, wato ɗakunan binciken likitanci. Wata tsohuwar malamar makaranta, Abbie Lathrop, tana kiwon ƙananan ɓeraye na ƙawa a garin Granby na jihar Massachusetts a farkon ƙarni na 20, masu bincike suka riƙa saye daga wurinta. Daga zuriyar ɓerayenta Clarence Little ya fitar da irin da ake kira C57BL a 1921, sannan ya kafa cibiyar Jackson a jihar Maine a 1929. A Philadelphia kuwa, cibiyar Wistar ta fara daidaita irin babban farin ɓera tun 1906. Waɗannan mutane cutar daji da gado suke bincike, amma a kan hanya suka bar wa duniya ilimin kiwon ɓera gaba ɗaya. Suka tabbatar da cewa ƙaramar ɓera tana ɗaukar ciki kwana 19 zuwa 21, babbar kuma 21 zuwa 23. Ana yaye 'ya'ya bayan mako uku. Suna balaga cikin mako shida zuwa takwas. Uwa kuma tana iya ɗaukar wani cikin jim kaɗan da haihuwa. Suka ƙirƙiro dunƙulallen abinci mai ma'aunin sinadarai, da kwalbar ruwa mai bututu, da akwatunan da ake jerawa a kan kanta. Mai kiwon ɓeran abincin maciji bai ƙirƙiri komai daga ciki ba, gadonsu ya yi, kuma farin ɓeran da ke cikin firizarsa jikan ɓeran bincike ne.

Sai aka shiga zamanin da ƙyanƙyasa ta maye gurbin kamu. Yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta fara aiki a 1975, ƙasashe suka ƙara tsaurara fitar da namun daji, maciji mai baƙon launi kuma ya yi tsadar da ba wanda zai yarda ya mutu masa a banza. Lokacin da aka fara babban baje kolin masu kiwo a jihar Florida a 1990, kusan duk mai kiwo na gaske yana da ɗaki biyu, na macizai da na ɓeraye, kuma na ɓerayen ya fi cin lokaci. Dalilin a fili yake. Jaririn ƙaramin maciji irin macijin masara ba ya iya haɗiyar wani ɓera sai jariri ɗan kwana ɗaya ko biyu wanda ko gashi bai yi ba, shi ne 'yan sana'a ke kira finki. Idan macijin ya ɗan tasa sai a koma wanda gashi ya fara tsiro masa, sannan wanda idonsa ya buɗe ya fara tsalle, sannan yayayye, har a kai ga baligi. Ma'aunin da aka daɗe ana bi shi ne kaurin ɓera kada ya wuce wurin da ya fi kauri a jikin macijin da yawa. Wanda ke da ƙwai ɗari da za su fashe a wata guda dole ya lissafa barbarar ɓerayensa tun makonni kafin nan, in ba haka ba ya wayi gari da bakuna ɗari babu abin sa musu.

A wannan ɗaki na biyu aka koyi darussan da suka fi muhimmanci, kuma yawancinsu da asara aka koye su. Waɗanda suka nemi sauƙi da abincin kare mai arha sun ga ɓerayensu sun yi kitse, macizan ma suka bi sahu har hanta ta lalace. Aka gane cewa garin katakon sida, duk da ƙamshinsa, mansa yana cutar da hanyar numfashin ɓera. Aka gane cewa warin fitsari da ke taruwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa shi ne ke tayar da ciwon huhu a manyan ɓeraye, kuma zafi idan ya wuce kima haihuwa ta tsaya. Ma'aunin da ɗakunan bincike ke riƙewa shi ne digiri 20 zuwa 26. Aka gane cewa finki ƙashinsa bai yi ƙwari ba, don haka macijin da aka bari a kansa ya daɗe, ana ba shi biyar maimakon babba guda, yana rasa sinadarin gina ƙashi. Tsohuwar uwar da ta gama haihuwa kuwa girma gare ta da arha, amma maiƙo ya fi yawa a jikinta. Zaɓen ɓera, in an bi ta nan, ya wuce duba girma: a ga gashi a kwance, ido a buɗe tas, babu majina, babu alamar gudawa a gindin wutsiya, ciki kuma da abinci mai kyau.

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin shekarun 1990 manyan gonaki suka fara kashe ɓeraye, su daskarar, su aika a kwali da busasshiyar ƙanƙara har ƙofar gida. Wannan ne ya mayar da kiwon maciji abin da mai ɗaki ɗaya a bene zai iya yi. Masu adawa da daskararren ɓera suna cewa a daji mai rai maciji yake ci, hana shi farauta tauye masa ɗabi'a ne. Maganar tana da daɗin ji, amma akwati ba daji ba ne. A daji macijin da ba ya jin yunwa sai ya bar ɓera ya wuce, ɓeran ma ya kama gabansa. A akwati babu mai tafiya ko'ina, kuma babban ɓera da aka manta da shi dare guda yana iya gaigayar bayan maciji har ƙashi. Likitocin dabbobi sun saba ganin irin wannan rauni. Ga kuma firgicin da ɓeran ke sha, wanda dokar kare dabbobi ta Ingila ta 2006 ke iya hukuntawa idan aka tabbatar wahala ce da za a iya kauce wa. Hujjarsu da ta fi ƙarfi ita ce akwai macizan da ke ƙin daskararre. Gaskiya ne, musamman ƙaramar mesar nan da ake fitarwa da yawa daga Gana da Togo da Benin, wadda ta yi suna wajen yajin cin abinci. Sai dai mesa da ramukan jin zafi da ke leɓenta take gano abinci, don haka ɓeran da aka narkar a hankali, aka ɗumama shi a ruwan zafi cikin leda, aka miƙa da dogon hantsaki da daddare, yakan shawo kan mafi yawansu. 'Yan ƙalilan da suka kafe dalili ne na yin togiya gare su, ba su isa su zama dokar kowa ba.

Saboda wannan mesa mai tsirfa ne wani ɓera na ƙasarmu ya shiga kasuwar Turai da Amurka: ɓeran nan mai laushin gashi da yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys, irin wanda take ci a gida. Wanda aka daɗe ana haifa a keji a can labarinsa daban ne da na gona. A nan kuwa shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, don haka kama shi a rumbu don ciyar da maciji wasa ne da rai. Amurka ma ta ɗanɗana irin wannan a 2003, lokacin da gafiyoyi da wasu ɓerayen da aka kai Texas daga Gana suka shigar da ƙyandar biri, hukuma ta hana shigo da ɓerayen Afirka a wannan shekarar.

To amma firiza ta zo da nata bashin, kuma a nan ne nake ganin sana'ar ba ta yi wa kanta adalci ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayar salmonela, adana ta yake yi. A 2010 wani kamfani a jihar Georgia ya janye daskararrun ɓerayensa bayan an danganta su da rashin lafiyar mutane a Ingila da Amurka; a 2014 aka sake samun makamancinsa; a 2021 hukumomin Birtaniya suka danganta ɗaruruwan masu cutar da ɓerayen da ake shigowa da su daga Lituweniya. Yara ƙanana na da yawa a cikin waɗanda abin ya shafa, yawanci don an narkar da ɓera a kicin ko an ajiye shi kusa da abincin mutane. A 2012 kuma aka sami wata ƙwayar cuta mai kumbura rufin ƙwaƙwalwa a jikin ma'aikatan wata gonar ɓera a Indiana. Mai kiwo na da, duk da ƙarancin kayan aikinsa, ya san abin da ɓeransa ya ci, ya ga ranar da ya fara atishawa. Na yau leda yake karɓa, nauyi da farashi kawai ke rubuce a jiki. Bai san watannin da ta yi a ƙanƙara ba, alhali sinadarai irin su bitamin E na raguwa da daɗewa, bai san ko ta narke a hanya an sake daskarar da ita ba.

Wani zai ce ai sai kowa ya koma kiwon nasa. Ga mai macizai uku wannan ba dabara ba ce: ɓeraye za su haifi fiye da abin da ake buƙata, wari ya dami maƙwabta, kuma kisa cikin sauƙi aiki ne na ƙwarewa. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta amince da iskar kabon, amma ta ƙayyade saurin zuba ta, ta ma sauya ma'aunin a 2020 zuwa kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari na girman akwatin a minti guda, jarirai kuma sukan daɗe ba ta kashe su ba. Gona mai tsari ta fi gareji iya wannan, in dai akwai mai tambayarta. Wani kuma zai yi tambayar da ta fi nauyi: maciji ɗaya mai cin ɓera guda a mako, idan ya rayu shekara ashirin, ya ci sama da dubu; shin sha'awar mutum ɗaya ta cancanci haka? Tambaya ce ta gaskiya, kuma yawan ciyarwa don maciji ya yi saurin girma ya kai kasuwa yana ƙara mata ƙarfi. Sai dai ko an rufe kasuwar sha'awa gobe, ɗakin ɓeraye ba zai rufu ba. Maganin dafin EchiTAb da ake yi wa waɗanda kububuwa ta sara a Kaltungo, daga dafin macizan Nijeriya aka haɗa shi, waɗanda aka kai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool ana tatsa, kuma su ma ɓera suke ci. Tunda kiwon zai ci gaba, abin da ya rage shi ne mai saye ya nemi a rubuta masa a jikin leda irin abincin da aka ba ɓeran, da ranar da aka kashe shi, da yadda aka kashe shi, da ko an gwada garken don salmonela. Ɗakunan bincike sun daɗe suna karɓar takardar lafiyar garke daga masu sayar musu da ɓera, kuma masu macizai ba su nace a ba su irinta ba tukuna.