Tsadar Kai Ƙara: Nazarin Shirun Ɗalibai Kan Malamai Masu Neman Su da Lalata a Manyan Makarantun Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke sa ɗalibai, musamman mata, noƙewa wajen kai ƙarar malami ko ma'aikacin da ya neme su da lalata a jami'o'i da kwalejojin Nijeriya. Ta dogara da shari'o'in da suka fito fili daga 2018 zuwa 2023, da tsarin jarrabawa da na ladabtarwa, da binciken masana a wasu ƙasashe. Matsayarta ita ce shirun ɗaliba lissafi ne mai ma'ana, domin makaranta ta tsara al'amura ta yadda asarar mai fara magana tabbatacciya ce, nasararta kuwa tana lilo.

Gabatarwa

Duk lokacin da labarin malami mai neman ɗalibai ya fashe, tambayar da ake fara yi ita ce: me ya hana ta faɗa tun da wuri? Hukumomin makarantu suna da tasu amsar, wato babu wadda ta kawo ƙara a rubuce, kuma ba a hukunci da jita-jita. Masu sharhi kuma sukan jingina abin ga kunya da tarbiyya. Amsoshin biyu sun haɗu a wuri guda: sun mayar da matsalar cikin zuciyar ɗaliba, sun bar ginin makarantar ba tare da an taɓa shi ba. A 1981 masana Felstiner da Abel da Sarat sun nuna cewa cuta ba ta zama ƙara sai ta bi matakai uku: mutum ya gane an cuce shi, ya ɗora laifin a kan wani, sannan ya nemi hakkinsa. Ɗalibai da yawa suna tsallake na farko da na biyu ba wahala. Sun san abin da aka yi masu, sun san wanda ya yi, har sukan gargaɗi 'yan aji ɗaya a ɗakin kwana cewa kada a shiga ofishin wane sai da rakiya. A mataki na uku ne tafiyar ke tsayawa, kuma nan ne wannan nazari ya sa ido.

Abin da shari'o'in da aka sani suke nunawa

A watan Afrilu na 2018 wata murya da aka naɗa a waya ta bazu a intanet, inda aka ji Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife yana neman wata ɗalibar babban digiri da lalata domin ya gyara mata maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, kuma a Disambar wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. A Oktoban 2019 sashen Africa Eye na BBC ya fitar da shirin Sex for Grades, wanda 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta. An tura 'yan jarida da ɓoyayyar kyamara, a matsayin ɗalibai, Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. A Legas shirin ya tona wani ɗaki a kulob ɗin manyan malamai inda ake kai ɗalibai mata, jami'ar ta rufe shi, sannan a 2021 ta sallami malamai biyu. A Agustan 2023 kuma ɗalibai mata na Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye suna zanga-zanga kan shugaban tsangayar, Farfesa Cyril Ndifon. Aka dakatar da shi, ICPC ta kai shi kotu a Abuja. Abin lura a nan shi ne an taɓa dakatar da shi a 2015 bisa zargi mai kama da wannan, daga baya ya koma bakin aikinsa.

Idan aka jera waɗannan, wani abu yana fitowa sarai. Babu ko ɗaya da ta yi nasara ta hanyar takardar koke da ɗaliba ɗaya ta miƙa a ofis, ta zauna jiran amsa. Ta farko muryar da ta bazu ce ta tilasta a motsa, ta biyu kyamarar gidan jarida na duniya, ta uku kuma taron jama'a da ya hana a ware mutum ɗaya a murƙushe. Ɗalibar da ke kallon wannan daga Gusau ko Mubi ta koyi darasin da ya dace: maganarta kaɗai ba ta isa ba, sai da hujjar da ba a iya musantawa, ko da ɗimbin 'yan uwa a bayanta. Darasin Kalaba ya fi ɗaci, domin ya nuna mata cewa wanda aka dakatar yau yana iya dawowa gobe ya tarar da ita ba ta gama ba.

Inda ikon yake

Ƙarfin malami a kan ɗalibi a tsarinmu ya wuce yadda na waje ke zato. A mafi yawan kwasa-kwasai mutum ɗaya ne ke koyarwa, ya tsara tambayoyi, ya ba da makin gwaji, ya duba takardar jarrabawa, ya kuma miƙa sakamako. Takardu suna ɗauke da lambar ɗalibi, amma lambar ba ta ɓuya ga mai riƙe da rajistar aji. Ba sai ya kayar da ita ƙiri-ƙiri ba. Ya isa makin gwajinta ya rasa shiga takarda, ko a ce takardar jarrabawarta ta ɓace, ko babi na biyu na kundin digirinta ya kwana wata uku a kan teburi ba a buɗe ba, ita kuma tana zarya a baranda tana jin "ki dawo gobe". Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke barin sawu. Idan ta nemi a sake duba takardarta, a makarantu da dama sai ta biya kuɗi, kuma takardar neman ta bi ta sashen da malamin yake. Kwas ɗaya na dole da aka faɗi a ajin ƙarshe yana nufin ƙarin shekara, da kuɗin rajista, da kuɗin ɗaki, da jinkirin hidimar ƙasa. Ga ɗalibar da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya riga ya cinye wa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, ƙarin shekara guda ba ƙaramin hukunci ba ne.

Sai kuma hanyar ƙarar kanta. Bisa al'ada koke yana tashi daga mai kula da aji zuwa shugaban sashe, zuwa shugaban tsangaya, kafin ya kai ga kwamitin ladabtarwa. Mutanen da ke kan wannan tsani abokan aikin wanda ake zargi ne. Wataƙila shi ya koyar da wasunsu, ko yana cikin masu duba takardun ƙarin girmansu, ko unguwarsu ɗaya a gidajen ma'aikata. Ba sai an zarge su da mugunta ba kafin a gane cewa abin da zai fara zo masu shi ne sulhu: a kira ta gefe, a ce ta yi haƙuri, mutumin nan mai iyali ne, kada ta zama sanadin raba shi da abincinsa. Masana Smith da Freyd sun kira irin wannan cin amanar hukuma, kuma bincikensu a Amurka ya nuna cewa raunin da yake bari yana ƙaruwa a kan na ainihin cutar. Rahoton da cibiyoyin kimiyya na Amurka suka fitar a 2018 ya tafi a kan haka: kai ƙara a hukumance shi ne abin da waɗanda aka cuta suka fi ƙaranta yi, kuma babu abin da ke hasashen yawaitar laifin kamar yadda mutanen wuri suke ganin hukumarsu tana ɗaga wa masu yin sa ƙafa. Idan haka abin yake inda ake da ofisoshi na musamman da lauyoyi, ina ga inda ofishin koke ɗaki ne a ƙarshen barandar wanda ake ƙara?

Batun kunya

Za a ce wannan bayani ya raina al'ada, alhali a ƙasar Hausa yarinya ba ta iya buɗe baki ta faɗi irin wannan magana ko a gaban mahaifiyarta. Akwai gaskiya a ciki, kuma binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu da duka ko lalata ba su taɓa neman taimako ba. Sai dai idan aka buɗe abin da ake kira kunya, za a tarar da asara mai suna a ciki. Akwai ɗalibar da sai da aka yi ta fama da baffanni kafin a bar ta ta tafi jami'a. Ranar da labarin ya isa gida, abin da zai fara biyo baya shi ne ta tattaro kayanta, kuma ƙannenta mata ma sun rasa damar. Akwai wadda aka sa wa rana, ta san dangin miji ba za su tsaya tantance wanda ya nema da wadda aka nema ba. Waɗannan ba su yi shiru don rashin baki ba, sun auna ne. Hujja a kan haka ita ce abin da ya faru a Fabrairun 2019, lokacin da maudu'in ArewaMeToo ya tashi a Twitter. Da aka samu fili inda mace za ta yi magana ba ita kaɗai ba, wani lokaci ma ba da sunanta ba, matan Arewa sun yi magana da yawan da ya ba mutane mamaki. Tarbiyyarsu ba ta sauya cikin mako guda ba, tsadar magana ce ta ragu. Kuma da 'yan sandan SARS suka kama Maryam Awaisu, ɗaya daga cikin masu fafutukar, a Kaduna cikin watan, kowa ya ga yadda ake mayar da tsadar inda take.

Batun ƙazafi da tsananin hukunci

Suka ta biyu ta fito ne daga malamai, kuma ta cancanci a saurare ta da kyau. Lokacin da Majalisar Dattawa ta saurari ra'ayin jama'a a 2020 kan ƙudurin Sanata Ovie Omo-Agege, wanda ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 14 ga malamin da ya nemi ɗalibi da lalata, ASUU ta ce an ware malamai ne ana yi masu doka, an kuma taka 'yancin jami'o'i. Malamai da dama suna ƙarawa da cewa akwai ɗaliban da ke kawo kansu don neman maki, akwai kuma masu ƙulla sharri idan sun faɗi. Duka biyun suna faruwa, kuma mutuncin malamin kirki abin karewa ne. Amma ɗalibar da ta kawo kanta ba ta da abin da za ta yi wa malamin da ya ce a'a, malamin kuwa yana da abin da zai yi wa ɗalibar da ta ce a'a. Wannan rashin daidaito shi ne ginshiƙin maganar. Louise Morley, a nazarinta na jami'o'in Gana da Tanzaniya da aka buga a 2011, ta nuna wata ɓarnar ta daban: inda aka yarda cewa ana sayen maki da jiki, har macen da ta ci da guminta ana yi wa nasararta kallon zargi. Game da ƙazafi kuwa, maganinsa bincike mai tsabta ne daga waɗanda ba su da dangantaka da kowane ɓangare, kuma abin da mai gaskiya daga cikin ɗalibai take nema ke nan.

Wannan ba ya nufin tsananta hukunci shi ne mafita. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin a Yulin 2020, amma wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a 2023 bai zama doka ba. Ko da ya zama, shekara 14 tana jiran ƙarshen shari'a ne, matsalar kuwa tana bakin ƙofa. Ana iya ma tsammanin hukunci mai nauyi ya ƙara matsin lamba a kan mai ƙara, domin yanzu za a ce mata ɗaure uban wasu take son yi. Dokar hana cin hanci ta 2000 ta isa ta ɗaure Akindele. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu iya isa gaban dokar ba tare da sun yi asarar digirinsu a hanya ba. Dokokin sutura da makarantu ke rige-rigen kafawa ba su taɓa wannan ko kaɗan, sai ma su ba kwamiti tambayar farko da zai jefa wa mai ƙara.

Rage wa mai fara magana nauyi

Idan shirun lissafi ne, gyara sai ya taɓa alƙaluman lissafin. Mafi sauƙi shi ne a raba malami da makin mai ƙara tun ranar da ta shigar da koke, kafin a tabbatar da komai: takardunta su tafi wurin mai dubawa na waje, a sauya mata mai duba kundi ba tare da ta kawo hujja ba. Wannan bai hukunta malamin ba, bai kuma ce ya yi laifi ba, don haka mai tsoron ƙazafi ba shi da abin ƙi a ciki. Duba takardun jarrabawa a zaure ɗaya, da lambar sirri da ofishin jarrabawa kaɗai ya sani, zai rage abin da ake ciniki da shi tun daga tushe. Ofishin karɓar koke kuma ya fita daga ƙarƙashin sashe da tsangaya, ya kasance da mutanen waje a ciki, da wa'adin da dole a ba da amsa.

Akwai wata dabara da ta dace da abin da Kalaba ta nuna. A 2012 Ian Ayres da Cait Unkovic sun ba da shawarar ajiyar koke: ɗaliba ta rubuta abin da ya faru, da kwanan wata, a ajiye a rufe, ba za a buɗe ba sai wata ta ambaci sunan mutumin nan. Manhajar Callisto ta gwada haka a wasu jami'o'in Amurka. Amfanin dabarar shi ne babu wadda za ta zama ta farko ita kaɗai, kuma koke biyu daga waɗanda ba su san juna ba sun fi wuyar ƙaryatawa. Rauninta a wurinmu shi ne amana, domin idan ajiyar tana hannun ma'aikacin makarantar, sirrin ba zai kwana ba. Dole ta zauna a wata hukuma ta waje, kamar ICPC ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa. Hukumomin NUC da NBTE da NCCE, waɗanda ke tantance kwasa-kwasai, suna da ikon da ya fi na kowa a nan. Kamar yadda suke ƙirga littattafan laburare da kujerun ɗakin gwaji, suna iya neman kowace makaranta ta nuna koke nawa ta karɓa a shekara, nawa ta kammala, cikin kwana nawa, da kuma ko masu ƙarar sun gama karatunsu a kan lokaci.